Aron Kalma da Aron Jimla: Sharhi a Kan Ginin Turanci Cikin Hausar Boko

Tun ran da aka fara rubuta Hausa da baƙaƙen boko masu kishin harshen ba su daina kuka da kalmomin Turanci da ke kwararowa cikinsa ba. Dokta R. M. East, wanda ya shugabanci Hukumar Talifi a Zariya, ya rubuta maƙala a kan wannan matsala cikin mujallar Africa a 1937. Hukumar Harshen Hausa da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1955 ita ma yawancin ƙarfinta a kan daidaita rubutu da jera baƙin kalmomi ya ƙare. Har wa yau kuwa, in malamin Hausa ya ɗauki jan alƙalami zai duba insha'in ɗalibansa, abin da idonsa ke fara nema shi ne kalmar Turanci da ta ɓuya a tsakanin na Hausa. In ya same ta ya ja mata layi, in bai samu ba ya ba da maki ya wuce. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, an daɗe ana tsaron ƙofar da ɓarawo bai bi ta cikinta ba. Ɓarnar da Turanci ya yi wa rubutacciyar Hausa tana cikin ginin jimla, a wuraren da mai dubawa ba zai ga baƙuwar kalma ko ɗaya ba.

Aron kalma dai tsohon abu ne, ba kuwa ya kashe harshe. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, zai tarar da Larabci birjik, ga takobi daga wajen Buzaye, ga agogo daga wajen Yarbawa. Birnin da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauke kaya a kasuwarsa ta Kurmi ba zai rasa kalmomin baƙi ba. Abin lura shi ne yadda Hausa ke yi da baƙuwar kalma in ta karɓe ta. Takan ba ta jinsi, ta ba ta jam'i, ta sa mata karin sauti irin nata. Mota ta zama mace, jam'inta motoci; bokiti namiji ne, jam'insa bokitai. Kalmar canji daga Turanci take, amma da ta zauna sai ta haifi aikatau, ana cewa ya canza, ya canzo, ya canje, abin ya canzu, kamar dai tare da harshen aka halicce ta. Baƙon da ya zo ya bi dokar gida ba shi ne abin tsoro ba.

Aron jimla ma Kano ta san shi tun kafin zuwan Turawa. A zaurukan malamai na Madabo da Salga da Kabara da sauran unguwannin ilmi na cikin birni, almajiri yakan karanta Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana mayar masa da Hausa bisa jerin kalmomin Larabcin. Daga nan aka sami wata irin Hausa mai yawan "ya kasance" da "haƙiƙa" da "face" da "abin sani kawai", wadda takan gabatar da aiki sa'an nan ta kawo mai aikin, kamar a ce "ya ce shi mawallafi". Amma fa kowa ya san wannan Hausar karatu ce. Malamin da ya yini yana fassara haka, in ya tashi ya shiga gida ko ya tafi cefane, da Hausar uwarsa yake magana. Akwai katanga tsakanin harshen zaure da harshen tsakar gida, kowanne ya san iyakarsa.

Turanci bai tsaya a bayan irin wannan katanga ba. Turawa sun ci Kano a 1903, Hans Vischer kuma, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwa, a 1909. Da fari da Hausa ake koyarwa, Turancin kuwa 'yan kaɗan ne suka same shi. Abin da ya sake al'amarin shi ne jarida da rediyo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidajen rediyo na gida da na waje suka biyo baya. Labarin duniya kuwa da Turanci yake isowa ofis. Akan miƙa wa mai fassara takarda a ce masa lokaci ya ƙure, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya bi jimlar Baturen daga farko zuwa ƙarshe yana ɗora kalmar Hausa a gurbin kowace kalma. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, gaggawa ce. Sai dai abin da ya fassara ba a zaure ya tsaya ba: ya shiga rumfar mai shayi, ya shiga ɗakin tsohuwa a Yakasai, ya shiga kunnen yaro safe da yamma. Yaron nan da ya girma ya ɗauki alƙalami, sai ya zaci haka Hausar manya take, wadda kakarsa ke yi kuwa ta hira ce kawai.

Mafi muni cikin gine-ginen da suka shigo ta wannan hanya shi ne juyayyar jimla. Turanci yana da al'adar ɗauko abin da aiki ya faɗa a kansa ya sa shi a goshin jimla, sa'an nan ya kawo mai aikin a ƙarshe da wata 'yar ƙaramar kalma a gabansa. Masu rubutun gwamnati da na ilmi suna son wannan gini ainun. Hausa ba ta da shi. Tana da "an" da "aka" da "ana" da "za a", amma sharaɗinsu shi ne ba a ambaton mai aikin: an rina riga, an kama ɓarawo, an rufe kasuwa. In ana son a faɗi wanda ya yi, sai a miƙe jimlar a ce marina sun rina riga. Malaman zaure ba za su yi mamakin wannan ba, gama haka nahawun Larabci yake. Duk almajirin da ya karanta Ajurumiyya ya wuce ta babin da ke magana a kan abin da aka yi wa aiki ba a ambaci mai aikinsa ba. Larabcin jaridu ne na zamani ya ƙirƙiro hanyar liƙa mai aikin a ƙarshe, shi ma kuwa daga harsunan Turai ya kwaso ta. Ciwon ashe ba na Hausa ba ne ita kaɗai.

To, mai fassara da ya ci karo da irin wannan jimla yakan fara da "an", in ya kai ƙarshe ya tarar da mai aikin yana jiransa, sai ya rasa inda zai sa shi, ya jawo "daga" ko "ta hannun" ya rataya shi. Nan ne ma'ana ke karyewa, domin waɗannan kalmomi suna da aikinsu tun asali. "Daga" tana nuna inda abu ya fito. In takardar ofis ta ce "an karɓi kuɗin daga ma'aji", alhali abin da Turancin ke nufi shi ne ma'aji ne ya karɓa, to, an juya maganar sarai: wanda kuɗi ya shiga hannunsa ya zama wanda kuɗi ya fita daga hannunsa. A gaban alƙali wannan kuskure yana iya ɗaure mai gaskiya. "Ta hannun" kuwa ɗan aike take nunawa. Wanda ya rubuta "an gina masallacin ta hannun wani attajiri" ya mai da mai dukiyar ɗan saƙo, ya bar mai karatu yana tambayar wane ne ya ba shi kuɗin.

Abin takaici shi ne, buƙatar da ta sa Bature ya juya jimlarsa Hausa tana da hanyoyin biyanta, har ma sun fi nasa yawa. In abin da ake magana a kansa ake son gabatarwa, sai a ɗauko shi a ajiye a gaba, a waiwaye shi da wakilin suna: "Rigar nan kam, a Ƙofar Mata aka rina ta." In mai aikin ake son ƙarfafawa, sai a ce "marinan Ƙofar Mata ne suka rina ta", a lura kuma da yadda "sun" ta koma "suka" saboda wannan ƙarfafawa. In kuwa halin da abin ya shiga ake nufi, akwai aikatau mai ƙarewa da wasalin "u", wanda F. W. Parsons ya sa a aji na 7 cikin rabon da ya yi wa aikatan Hausa a 1960: riga ta rinu, tuwo ya tuƙu, ciniki ya ƙullu. Wannan siga tana ɗauke da ma'anar da juyayyar jimlar Turanci ba ta da ita, watau aikin ya yi kyau ya kai matuƙa. In kuma aka ce "ba ta gyaruwa", an faɗi da kalmomi uku abin da Bature zai yi doguwar jimla a kansa. Ɗalibin da bai san yana da waɗannan a rumbunsa ba shi ne ke zuwa aron abin da bai kai su ba.

Na biyu a ɓarna ya fi na farko ɓoyuwa. Sau da yawa suna a Turanci yana tafe da ɗayan ƙananan kalmomi biyu a gabansa, ɗaya ta sananne, ɗaya ta wanda ba a sani ba. Tun a aji ɗaya akan gaya wa yara wai ta farko ita ce "-n" ko "-r" da ke ƙarshen suna, ta biyu kuwa ita ce "wani" ko "wata". Wannan daidaitawa sauƙin koyarwa ce kawai, ba gaskiyar harshe ba ce. A Hausa suna yakan tsaya tsirara ba komai: rana ta faɗi, yaro ya zo, an kira salla. "Wani" aikinta shigo da sabon mutum ne wanda labari zai bi, kamar yadda mai tatsuniya ke farawa da wani sarki ko wata tsohuwa. Saboda haka "malami ne" da "wani malami ne" ba ɗaya suke ba: ta farko ta faɗi sana'arsa, ta biyu kuwa ko dai mai maganar bai san shi ba, ko yana ɓoye sunansa, ko yana yi masa shaguɓe. Ɗafa "-n" kuma ana yin ta ne ga abin da aka riga aka ambata ake komowa kansa. A cikin birnin Kano in an ji tambari da algaita cewa ake yi "Sarki ya fito". Ba mai cewa "Sarkin ya fito", gama Sarki ɗaya ne, ba ya bukatar a nuna shi. Amma ga labarai cike da "Sarkin ya ce", "Gwamnan ya ce", "Shugaban ya ce". A rubuce abin ya fi muni, domin boko ba ya nuna karin sauti, ɗafar nan kuwa kamarta ɗaya da ta mallaka, sai idon mai karatu ya tsaya yana jiran a ce Sarkin Fawa ko Sarkin Dawaki.

Malaman Turanci sun daɗe da sanin wannan wuri, amma ta ɗaya fuskar. Sun san yaron Kano yakan yar da ƙananan kalmomin nan in yana rubuta Turanci, sun kuma san dalili. Tun da Robert Lado ya fitar da littafinsa a Amurka a 1957 ake koya wa malamai su gwada harshen uwa da harshen da ake koyo don su gane inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. An yi ta wannan gwaji a Nijeriya, amma kullum don a tsare Turanci daga Hausa. Da wuya a sami wanda ya juya allon ya tambayi abin da Turanci ke yi wa Hausar yaron nan guda.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da ba sai an daɗe a kansu ba. Turanci yana jera sunaye da waƙafi, ya sa mahaɗi ɗaya kafin na ƙarshe. Hausa takan ce "da gero da dawa da maiwa". Yanzu sai a ga "gero, dawa da kuma maiwa". Mahaɗin nan na Turanci yana haɗa sunaye, yana haɗa jimloli, alhali "da" ta Hausa sunaye kaɗai take haɗawa. Haka nan "za ka iya ba ni ruwa?" tambayar iyawa ce a kunnen Bahaushe, amsarta "zan iya", mai roƙo cewa yake yi "a taimaka mini da ruwa" ko "ɗan ba ni ruwa mana". Waɗannan ƙaiƙayi ne, ba su kai ciwo ba.

Wanda ya kai ciwo shi ne abin da ya sami jerin labari. Hausa tana da siga ta musamman ta ba da labari, wadda ke ɗaukar aukuwa ɗaya ta miƙa wa ta gaba: "Fatake suka iso Ƙofar Ruwa da la'asar, suka sauke kaya, suka nemi mai masaukinsu, aka kawo musu ruwa, sai ga dillalai." Kowane aiki yana da aikatau nasa, suna tafe bisa jerin da suka auku, "sai" kuma tana nuna inda labari ya juya. Turancin rubutu ba ya son wannan. Ya fi son ya zaɓi aiki ɗaya ya yi masa sarauta, sauran ya mai da su barori, waɗansu a gaba waɗansu a baya. In aka bi shi sai a sami: "Bayan isowarsu Ƙofar Ruwa, fataken sun sauke kayansu kafin neman mai masaukinsu, inda aka kawo musu ruwa." Babu kalmar Turanci ko ɗaya a nan, babu kuma wadda malami zai ja wa layi. Amma aikatau biyu sun zama sunaye, "suka" ta koma "sun" ta mai da labari rahoto, "inda" kuwa, wadda aikinta nuna wuri ne, an sa ta aikin ƙulla zance. Wannan "inda" ta zama annoba: ya yi jawabi inda ya ce, sun yi taro inda suka amince, har a rasa wurin da ake nufi. 'Yar'uwarta ita ce "wanda" da ake ɗorawa bayan cikakkiyar jimla, kamar "an rufe kasuwar, wanda hakan ya jawo tsadar kaya". Wane ne wandan? Ba namiji ba ne, ba mace ba, ba jam'i ba. Inuwar wata kalmar Turanci ce kawai. Bakano cewa zai yi "an rufe kasuwa, shi ya sa kaya suka yi tsada."

Mai da aikatau suna yana jawo wani abu a bayansa, watau dole a nemo wani aikatau marar nauyi da zai ɗauki sunan. Ta haka "gudanar da" ta cika ko'ina. Ana gudanar da taro, ana gudanar da bincike, ana gudanar da addu'a, har jana'iza ma gudanar da ita ake yi. Mutumin cikin birni in babban mutum ya rasu cewa yake yi an yi masa salla a Ƙofar Kudu, an kai shi. Cikin "an kai shi" akwai kunya da ladabi da sanin inda kowa za shi. Cikin "an gudanar da jana'izarsa" babu kome sai ofis.

Duk abin da aka ambata zuwa nan abu ne da ya shigo, ana iya nuna shi da yatsa. Hasarar da ta fi girma ita ce ta abin da ya fita, ita ce kuwa jan alƙalami ba ya iya kamawa, domin ba a ja wa babu layi. Hausa tana da waɗansu 'yan kalmomi, fa da dai da kuwa da kam da ma da kuma, waɗanda Paul Newman ya ware wa babi cikin babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Ba su da ma'anar da za a nuna a ƙamus, amma su ne ke gaya wa mai ji inda zuciyar mai magana ta dosa. A tsaya a rumfar 'yan tufafi a Kurmi a saurari ciniki. "Zan zo" labari ne. "Zan zo dai" haƙuri ake bayarwa. "Zan zo fa" kashedi ne. "Zan zo kuwa" an amsa wa mai shakka. "Ni kam zan zo" an ware kai daga waɗansu, "ni ma zan zo" an shiga cikinsu. Bature yana yin wannan aiki da nauyin murya, rubutunsa kuwa ba ya nuna murya, saboda haka mai fassara ba ya ganin abin da zai fassara, sai ya bar gurbin. Haka kalmomin nan masu zana kama da motsi, irin su fari fat, baƙi ƙirin, ya cika maƙil, ya tashi farat, waɗanda Farfesa M. K. M. Galadanci ya yi nazari a kansu cikin Harsunan Nijeriya a 1971. Turancin rubutu yana ganin irinsu maganar yara ce, ɗan boko kuma ya ɗauki wannan ƙyama ya ɗora wa harshensa. Sakamakon shi ne shafi guda na Hausa marar kuskure, marar gishiri, wanda in an karanta wa tsoho zai ce ya ji, amma a sake faɗa masa da Hausa.

Masu cewa ba makawa sai haka in za a ɗauko ilmin waje, Alhaji Abubakar Imam ya riga ya ba su amsa. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya san Turanci, ya san Larabci. Labaran Magana Jari Ce, wadda ta fito littafi 3 daga 1937 zuwa 1939, da yawansu daga waje ya samo su, daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Amma ba wanda ya taɓa karanta ta ya ji warin fassara, domin ƙashin labarin kaɗai ya ɗauka, ya rufe littafin Baturen, ya faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa. Wannan ita ce hanyar da aka bari.

A nan ya kamata a yi wa littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano adalci. Tun da suka ɓullo cikin shekarun 1980 masana ke sukarsu da rashin bin ƙa'idar rubutu da cusa Ingausa, sukar kuwa tana da gaskiyarta. Amma wanda ya karanta hirar da ke cikin littattafan Balaraba Ramat Yakubu ko na Ado Ahmad Gidan Dabino da kunne, ba da ido kaɗai ba, zai ji uwa na yi wa 'yarta faɗa da Hausar da ake yi a lungunan birni, da dai ɗinta da fa ɗinta. Sau da yawa maƙalar da aka rubuta don a soki littafin ita ce ginin jimlarta ya fi zama na Turanci. Mai raba kalma ba daidai ba ana gyara shi a mako guda. Wanda kunnensa ya mutu kuwa gyaransa sai an sha wuya.

Ba a ce duk abin da ya shigo a kore shi ba. Harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda kuma ya ce zai hana shi tafiya ya ɗauko dutsen Dala ba gammo. Rubutun shari'a da na kimiyya suna bukatar sunayen abubuwan da ba a gani, Hausa kuma ta samo su daga jikinta: tabbatarwa, ilmantarwa, wayar da kai, raya ƙasa. Waɗannan ƙari ne, ba su ture kome ba. "Gudanar da" ita ma tana da wurinta in ana maganar tafiyar da mulki ko ma'aikata. Ma'aunin da ya kamata malami ya riƙe shi ne ya tambayi kowane baƙon gini: gurbi ya cike, ko kuwa wani bambanci ya shafe wanda Hausa ke yi? "Daga" mai nuna mai aiki ta shafe bambancin mai bayarwa da mai karɓa. "Wani" a gaban kowane suna ta shafe bambancin sabon mutum da sana'ar mutum. "Sun" a gurbin "suka" ta shafe bambancin labari da rahoto. Irin waɗannan su ne abin yaƙi, ko da kuwa manya ne ke faɗinsu a rediyo.

Al'amarin ya ƙara gaggawa saboda na'urorin fassara da ke cikin wayar hannu. Na'ura daga rubutun da ta tarar take koyo, babban rabo na Hausar da ke intanet kuwa fassarar labarai ce. Watau abin da mai fassara ya yi cikin gaggawa shi na'ura ta haddace, shi take mayarwa ga ɗalibi, ɗalibi ya kwafa ya kawo wa malami, wani kuma ya sake zuba shi a intanet.

Abin da ya rage a hannun malamin makarantar horon malamai ba shi da yawa, amma yana da amfani. Yawancin ɗalibansa Hausarsu ta baka lafiya lau take. A kan takarda kaɗai take rikiɗa, domin tun daga tsakiyar firamare da Turanci aka koya musu yadda ake rubutu, nahawun Hausar ma littattafansa manya, har da na Galadanci na 1976, da Turanci aka rubuta su. Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna musu wannan. A ba su sakin layi ɗaya na labarin jarida su karanta, a karɓe takardar, a ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa abin da ya faru kamar yana gaya wa kakarsa, na kusan kuma ya rubuta abin da ya ji kalma da kalma. In an ajiye rubutun biyu gefe da gefe a kan allo, ɗalibai da kansu za su ƙirga "inda" nawa suka ɓace, "sai" nawa suka dawo, su ga kuma a wace jimla ce ma'aji ya koma mai karɓar kuɗi. Sa'an nan a duba takardar rabon maki ta insha'i, wadda ta saba ware kaso ga ƙa'idojin rubutu da kaso ga tsarkin kalmomi, a buɗe wa ginin jimla nasa gurbin.